Soron Malam Maliki

Shafi na 19

Masu cewa Hadizatu ta cika kafiya tun ranar da ta ƙi hawa lorin da ɗanta ya aiko mata daga Damazin, na ga saƙonninku. Ku karanta wannan shafi kafin ku yanke mata hukunci.

* * *

A Hillar Maliki mace ba ta hawa rufin soro. In ka tambayi dalili sai a ce daga can ana hango tsakar gidajen mutane, kamar dai maza in sun hau rufe ido suke yi. Da wannan doka Hadizatu ta girma, da ita ta yi furfura. Ranar nan kuwa, da hantsi, ta tamke zanenta, ta jawo tsani ta jingina da bangon bayan gida, ta yi bisimilla.

Wani tabo ne ya sa ta hawa. Yayyafin shekaranjiya, wanda ko tsagar ƙasa bai cike ba, ya bar baƙin danshi a rufin ɗakin mahaifinta, daidai tsakiya, inda ruwa bai taɓa zama ba. Ita kuwa ta san gidan nan kamar yunwar cikinta. Tana 'yar mitsitsiya ta ɗebo wa maginansa ruwa a kogi, shekarar da Malam Maliki ya sauke ayarinsa a bakin kogin Bahar Azrak a ƙasar Sudan bayan doguwar tafiya daga ƙasar Sakkwato. Baƙar lakar bakin kogi tsagewa take yi da rani, sai ya sa jakuna suka yi ta jido jar ƙasa daga tudu. Aka sari giginya aka fasa azara. Soro ɗaya tak ya tashi a tsakiyar bukkokin ciyawa, da zaurensa da zankayensa, har Larabawan Sinja in sun zo wucewa a kan raƙuma sai sun ja akala sun yi kallo.

Yanzu ita kaɗai ce a cikinsa, sai jemagu a zaure, sai wasu tattabaru da suka ƙi tashi.

Ta kai sama gwiwoyinta na ƙara. Da ma ba ta sa ran ganin alheri ba. Damina biyu ke nan ba a yi wa gidan yaɓe ba. Samarin gari duk sun tafi aikin hazzan, babbar madatsar ruwan nan da ake ginawa a Rusairis, ƙanenta Sodangi kuma, wanda shi ne shehun hilla, wato mai gari, shi ke da ikon kiran gayya, kullum sai ya ce a bari a ga bayan girbi. Ta ga tsaga. Ta ga ciyawa ta tsiro ta bushe. Ta ga zanko ɗaya ya karye ya kwanta. Duk wannan ta zata.

Sai ta isa ga indararon kusurwar gabas.

An cusa masa duwatsu har maƙogwaro. An bi da laka cuɗe da kashin shanu, an shafe bakin sumul, aikin wanda ya zauna ya natsu. Ta rarrafa zuwa na gaba. Haka. Ta zaga rufin kaf, ba ta sami ko ɗaya da ruwa zai bi ya fita ba. Ga gajeren bangon da ya kewaye rufin ta ko'ina. Gidan ubanta ya koma kwatarniya, ruwa kawai yake jira.

Ta sa farce, farcen ya karye. Ta tsinci tsingaro ta yi ta ƙwaƙula har ya marmashe a hannunta. Lakar ta ƙeƙashe kamar dutse. Wannan sai dagi, sai kuma damtsen namiji.

"Yaya Dije? Ke ce bisa soro?"

Ma'u ce, matar Sodangi, tsaye a tsakar gidansu da ke manne da soron, hannunta dumu-dumu da ƙullun kisra, wainar dawa irin ta nan.

"A'a, shamuwa ce."

"Don Allah ki sauko kada mutane su gan ki."

"Waɗanne mutane? Yaushe rabon wani da ɗaga kai shi dubi gidan ga? Ɗauko mani daginku ki aje gindin tsani."

Ma'u ta dubi hannuwanta.

"Maigida ya kulle shi."

"Ya kulle dagi."

"I."

"Akuyarku na kwana waje, dagi kuwa an sa mashi kwaɗo. Ɓarayin bana ƙarfe suke ci?"

"Yaya, ni mace ce. Abin da maza sunka shafa wa fatiha a masallaci, mi ne ne nawa a ciki?"

Hadizatu ta zauna a kan rufin.

"Fatiha," ta ce. "Yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Talatu ta sani?"

"Mijinta na sahun gaba ranar."

"Lami fa?"

"Yaya, kowa ya sani. An dai ce kada a gaya maki. Wai tun da za ki tashi ki koma Damazin, ba sai ranki ya ɓaci ba."

Tun kafin azumi. Daidai lokacin da mata suka fara ɗauke ƙafa ke nan. Da can dutsen niƙan gidan nan ba ya hutawa, kowace safiya sai an kewaye jabana, tukunyar gahawa, a inuwar zaure, ana shan gahawa ana gulmar wadda ba ta zo ba. Sai wannan ta ce ƙafa, waccan ta ce jika ba lafiya, har aka wayi gari finjali ɗaya take wankewa. Ta yi ta bincikar kanta ko wa ta gaya wa baƙar magana, domin ta san halin harshenta. Har kwanon ɗanwake ta ɗauka da kanta ta kai wa Talatu, ban haƙuri a kan laifin da ba ta san shi ba. Talatu ta karɓa tana kallon ƙasa. Ashe ba fushi ba ne. Ba su iya zama su sha gahawarta a gidan da mazansu suka riga suka shafa wa fatiha.

"Ƙanenki shina nan zuwa bayan azahar," in ji Ma'u, ta rage murya. "Yac ce in share maki ɗakin kusa da nawa. Dubi kudu, Yaya."

Ta duba. Can ta wajen duwatsun Habasha sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, iska kuma ta ɗauke ɗif. Ruwan farko na harif ne, daminar ƙasar nan, kuma da irin wannan fuska ba yayyafi zai yi ba.

* * *

Ba ta ɗaure kayan tashi ba, ko ɗankwali ɗaya. Ta wanke hannu, ta naɗe yatsan da tsumma, ta yi salla. Sannan ta jawo angarib ɗinta, gadon igiyar da take kwana a kai, daga ɗakinta har ɗakin mahaifinta, tana ja tana hutawa. Ta daidaita shi a ƙarƙashin tabon. Ta ɗauko mazari da sawun auduga ta zauna kaɗi.

"Salamu alaikum. Yaya?"

"Wa alaikumus salam. Ina ɗakin Baba."

Sodangi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, bai cire takalmi ba. Dogo ne kamar ubansu, gemu ya yi fari fat, in ya yi magana a masallaci ba mai tari. Amma ita ta goye shi. Har gobe in ta dube shi, yaron nan take gani mai gudun jaki yana ɓuya a bayan zanenta.

"Mi kike yi nan ciki? Taso mu tahi. Ma'u ta gyara maki wuri, hadarin ga ba na wasa ba ne."

"Na ga hadari a gidan ga tun ba ka san sunanka ba."

"Gidan ya tsufa, Yaya."

"Ni ma na tsufa. Shigo ka zauna."

"Ba zama yak kawo ni ba."

"Na hau bisa."

Mazarin ya yi ta juyawa a kan tasa, shi kaɗai ke magana a ɗakin.

"Ma'u ta gaya mani," ya ce. "Bai kamace ki ba. Mace kamarki, uwa ga kowa a garin ga."

"Abin da yad dame ka ke nan."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Ranar da kaz zo bayan Sallar Layya, kac ce za ka duba rufi, wa yar riƙe maka tsani?"

"Ke."

"Wa yak kwaɓa lakar yam miƙa maka, da kac ce tsaga za ka liƙe?"

"Yaya..."

"Wa?"

"Ke."

"Duwatsun fa? Ban ba ka duwatsu ba."

"Da su na zo."

"Da kas sauko na dafa maka jabana har da citta. Nac ce Allah shi yi maka albarka, ka tuna da gidan ubanka. Ka ce amin?"

"Na ce."

"Shi nake son ji."

Sodangi ya jingina kafaɗarsa da bakin ƙofar.

"Ki saurare ni ko sau ɗaya ba tare da kin tsinke mani magana ba."

"Ina ji."

"Mu ba mazauna ba ne. Da iyayenmu sunka baro gida ba Sudan sunka nufa ba, ɗakin Allah sunka nufa. Nan zango ne. Shi ya sa kowa ya yi bukka, wadda in an ce a tashi ba a waiwayenta. Baba shi kaɗai yag gina soro."

Wannan karatu Hadizatu ta haddace shi tun tana budurwa. Mutanen Hillar Maliki sun haifi 'ya'ya a nan, sun aurar, sun binne iyaye, sun noma dawa da auduga har gonaki sun san sawunsu. Amma ka tare kowane tsoho ka tambaye shi, zai ce maka a kan hanya yake. Hanyar da aka fi shekara hamsin ba a ɗaga ƙafa ba.

"Ki duba ki gani," ya ci gaba. "Baba bai kai ba. Yaya Mahadi ya tashi, yam mutu a Sawakin shina kallon teku. Ɗan'uwanmu Alhasan daga Kasala anka maido shi bisa raƙumi bai gane kowa. Ni kuwa sau nawa ina ɗaure kaya wani abu shi zo shi kwance su? Alhazan bana sun dawo, ina nan ina yi masu barka. Na tahi Wad Haddad wajen wani faki mai duba, ban gaya mashi komi ba. Yab buga ƙasa yac ce, ƙafarku na binne a tushen wani gini. Muddin shina tsaye, ba wanda zai ga Makka a zuri'arku."

"Ba ka gaya mashi komi ba."

"Ko sunana."

"Soro ɗaya ne tsakanin nan da Sinja, Sodangi. Jakin da yak kai ka ma ya san ɗan wane gida ne kai."

"Kin ce ba ki tsinke ni."

"Cewa na yi ina ji, kuma na ji. Agana ta kashe Mahadi, shi da mutanen da anka tsare tare da shi a bakin teku. Duk soraye gare su? Uban Talatu a bukka yaz zauna har Allah ya ɗauki ransa. Ina yak kai? Kasuwar Sinja. Ko ita ma bukkar tushe gare ta?"

"Kin cika gardama da abin da ya fi ƙarfinki."

"To in gidan ne yat tare maka hanya, mi yah hana ka zuwa da gatari da rana tsaka? Ka tara mutanenka na masallaci ku rushe shi ina kallo."

"Subhanallahi. Wa ke ɗaga gatari ga ginin ubansa?"

"Sai ka bar wa ruwa."

"Ruwa na Allah ne. In ya so gidan shi tsaya, zai tsaya."

"Ka toshe wa ruwa hanya da hannunka, ka koma gefe ka ce aikin Allah. Ko ka ɗauka mala'ikun da ke rubutu su ma ba su hawa soro, kamar mata?"

Ya buga sandar da ƙasa. A waje iska ta taso gaba ɗaya, ta maka ƙyauren zaure da bango, tattabaru suka watse.

"Akwai abin da ba ki sani ba," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ranar da Baba zai cika, an fitar da mata. Ni ke riƙe da kansa, a ɗakin ga. Yad dubi rufin nan yac ce, na kwance kaya, Sodangi. Na kwance kaya inda ba a ce in kwance ba. Yana ta maimaitawa har muryar ta ɗauke. Tun ranar nake ɗauke da maganar ga ni kaɗai."

Hadizatu ta tsayar da mazarin. Wannan kam ba ta taɓa ji ba, kuma ta ji shigarta har cikin ƙashi. Ubanta, wanda in an gama yaɓe yake zagaya gidan yana shafa bango da tafin hannu kamar mai shafa doki.

"Kafin a fitar da mata, wa ke jinyarsa?"

"Ke."

"Cikin zazzaɓin nan ya kira uwarsa da ta rasu tun a Sakkwato. Yac ce a kawo mashi furar gidan kawunsa. Yac ce a ɗaura wa dokinsa sirdi, dokin da yam mutu a Wadai. Ka ɗaura? Guda ɗaya kaz zaɓa cikin maganganunsa, wadda ta yi maka daidai."

Ta faɗe ta, amma ta ji ba ta fito da ƙarfin da take so ba. Shi ma ya ji.

"Ku ne matafiya," ta ce. "Ni a bisa hanya anka haife ni, gindin wata itaciya, a ƙasar da Inna ba ta ma san sunanta ba. Na yi aure cikin Jazira, Larabawa na ce mani baƙuwa har miji yam mutu. Na dawo nan, ku kuma ku ce mu duka baƙi ne. Yarana biyu na kwance bayan ɗakin ga. Wurin ga kaɗai ne in na rufe ƙofa ba mai ce mani zango."

"Ai ba a daji za a yar da ke ba. Ɗanki ya kama gida na jan bulo a Damazin, har da famfo."

"Kada ka sa yaron nan cikin ƙazantarka. Shi tausayina yaj ji yat turo lori."

Sodangi ya sunkuyar da kai. Irin sunkuyawar da ta san shi da ita tun yana yaro, in ya sha nonon da aka ajiye wa baƙo.

"Faɗi," ta ce.

"Wa kike tsammani yac ce a jira sai bayan Salla?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ya zo nan da rani, kin gan shi, kin yanka mashi zakara. Da yah hita wajenki gidana yaz zo. Yac ce, Kawu, Inna ba ta barin gidan ga muddin shina tsaye. Ku yi abin da za ku yi, amma ku bari in turo mota tukuna. Ba wanda yaz zaci lorin zai koma ba ke."

Ɗanta na fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna a zauren nan, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Yaron nan, take cewa. Wancan na Damazin. Ko da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, ta kwana a kansa ana ganin ba zai tashi ba, ba ta kira shi ba. Kunya ce, in ji mutane. Ita dai ta san abin da ta fi so shi ta fi ɓoyewa.

"Abdussalami," ta ce.

Sunan ya fito mata baƙo, kamar kalmar wani harshe. Sodangi ya kau da kai kamar wanda aka tuɓe a gabansa.

"Ba don mugunta ba, Yaya. Tsoro yake ji kada wata rana shi faɗo maki."

"Sai yat taya ka kada shi."

* * *

Ɗigon farko ya sauka a tsakar gida, manya-manya, kamar ana watsa tsakuwa. Ƙamshin ƙasa ya shigo ɗakin.

"Taso."

"Hau ka buɗe."

"Ba ni hawa."

"Ba ni tasowa."

"Zan sa a ɗauke ki da gadon."

"Wa? Samarinka na Rusairis. Tsofaffin masallaci kuwa, kira su su shigo ƙarƙashin rufin ga in gani, su da sunka san abin da ke bisa."

"Yaya, don darajar iyayenmu."

"Kac ce ruwa na Allah ne. To ni ma tasa ce. In ya so in tsaya, zan tsaya. Kai kuma ka tahi Makka ka gaya mashi yadda anka yi."

Ruwan ya kece. Nan da nan bayan jallabiyarsa ya jiƙe sharkaf, rawaninsa ya yi nauyi. Ta ɗauka zai juya. Ta ma shirya wa juyawar tasa, ta gyara zama, ta sake murza mazari.

Sai ya sunkuya ya cire takalmi.

Ya shigo a hankali, ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da ƙafar gadon.

"Mi ke nan?"

"Ba ni hita in bar ki. Ba ni kuma hawa. Wanda yam mutu da niyya a zuciyarsa, a kan hanya yam mutu."

"Allah shi shirye ka."

"Amin."

Suka zauna. Ba wanda ya leƙo daga maƙwabta. Kowa na cikin bukkarsa, kowa kuma ya san abin da yake saurare.

Can ta lura da abin da ya dame ta tun fara ruwan. Gidan ya yi shiru. Tun tasowarta, in ana ruwa gidan nan surutu yake yi ta kowace kusurwa, indararo na zuba a tukwanen da Inna take jerawa, yara na tsalle tsirara a ƙarƙashi ana korarsu. Yau ba ko ɗaya. Daga sama wata ƙara ce ke zuwa mai kauri, wadda ba ta taɓa ji ba, ƙarar ruwa na sauka a kan ruwa.

Tabon ya faɗaɗa ya kai faɗin faifai, ya wuce. Ɗigo ya sauka a kan audugarta, ja. Ta matsar da audugar. Wani ya sauka a gwiwarta. Daga kusurwa jar laka ta fara gangarowa a jikin bango, siririya, tana neman ƙasa.

"Kin tuna ranar da anka ɗora azarar ɗakin ga?" in ji Sodangi.

"Ba a haife ka ba."

"Na sani. Ke nake tambaya."

"An yanka rago. Na ci hanta har na yi amai."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ta mutu nan take.

Azara ta yi ƙara, gajeriya, kamar an taka busasshen kara. Wani curin ƙasa ya ɓalle daga rufin ya sauka a kafaɗarta. Ba ta so ba, amma sai da "wash" ta kuɓuce mata.

"Mi ne ne? Ya same ki?"

"Kafaɗa ce."

"Da jini?"

"Kana kallo kana tambaya."

Leɓɓansa na motsi, ba ta san ko addu'a yake yi ko gardama da wani ba. Ruwa ya fara taruwa a ƙasan ɗakin yana lasar gefen jallabiyarsa.

"Halas," ya ce. "Shi ke nan, Yaya. Bari in ɗauko dagin. Allah ya san na so in je."

Ta jira ta ji daɗin nasara, bai zo ba.

Ya miƙe. Ya laluba sandarsa bai same ta ba, ga ta kuwa kwance a gefen ƙafarsa. Ya bar ta. Ƙofar ɗakin tana hannunsa na dama, a buɗe, hasken ruwa toka-toka na shigowa ta cikinta. Ya yi hagu. Ya tafi kai tsaye, da irin tafiyar da yake yi in za shi masallaci, har goshinsa ya bugi bango.

Ya tsaya. Ya ɗora tafukansa biyu a jikin bangon ya fara shafawa.

"Sodangi."

"Na'am."

"Ga ƙofa nan."

"Ina?"

Mazarin ya suɓuce daga hannunta ya gangara cikin ruwan.

"Tun yaushe?"

"Tun bara yaf fara." Bai juyo ba, bango yake yi wa magana. "Da rana ina ganin inuwar mutum, in gane shi da murya. In wuri ya yi duhu, shi ke nan. Ko Ma'u ba ta sani ba. Ranar da nah hau bisa, da laluben hannu na yi aikin. So nake in ga ɗakin Allah da idona, Yaya, ko inuwarsa ce, kafin shi ƙarasa rufewa."

Ta tashi tsaye. Ruwan ya kai mata idon sawu.

Ya miƙo hannu, ba ta wajen da take ba.

"Kama ni, Yaya. In kin ce in hau, sai in hau."

Bisa kansu azara ta biyu ta yi ƙara.